Rabin Kuɗin Makaranta

Littafin yana nan a ƙasan akwatina, irin dogon nan mai jan bango da masu kanti ke rubuta bashi a ciki. Baba ne ya miƙo min shi daren da zan tafi makaranta. Ya ce, "Uwata, tunda akanta za ki karanta, to fara da kanki. Duk sisin da aka kashe miki, ki rubuta." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. A lokacin na ɗauka wasa ne irin na tsohon hedimasta. Sai ga shi na yi shekara huɗu ina rubutu a ciki, kuma daga cikinsa nake ɗauko lissafin da zan faɗa a nan, don kada in ƙara gishiri.

Ni 'yar Funtua ce. Baba ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, Inna kuma tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Mu ba masu kuɗi ba ne, ba kuma mu taɓa kwana da yunwa ba. Irin gidan nan ne da ake cewa asiri a rufe.

Na gama sakandare a 2019. Na zana JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ban samu gurbi ba. Na sake zanawa a watan Maris na 2020, sakamako ya yi kyau, muna cikin murna korona ta shigo aka kulle gari, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU kuma ta tafi yajin aikin da ya kai har Disamba, wata tara cur. Da aka buɗe, jami'o'in gwamnati suna da tarin ɗaliban da ba su gama da su ba, ga sababbi suna layi. Na duba sunana har na gaji. A 2021 na bi layin yin lambar NIN, ta shaidar ɗan ƙasa, tun daga asuba, don a shekarar aka ce ba mai zana JAMB sai da ita, na zana ta uku a watan Yuni, na ci 271.

Shekara biyu ke nan ina zaune a gida. Wanda bai san garinmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Duk bikin da aka je sai an tambayi Inna, duk ranar da Goggo ta zo sai ta ce wa Baba, "Malam, yarinya ta zauna tana jiran takarda kamar mai jiran gawon shanu? Ƙannenta sun kusa kamo ta." Baba ba ya ce mata komai, amma ina ganin yadda yake shiru bayan ta tafi.

Wata malamarmu ta sakandare ce ta ba ni labarin wata jami'a mai zaman kanta da ke yafe rabin kuɗin makaranta ga duk wanda ya haura maki 250. Ba zan faɗi sunanta ba, tafiyar wajen awa shida ce daga gida. Kafin nan ban taɓa sa jami'ar kuɗi a lissafina ba. Na san dai akwai Al-Qalam a Katsina, na san ta Yola da Atiku Abubakar ya kafa, kuma na ji Baba yana ba da labarin yadda gwamnatin Kano ta lokacin Kwankwaso ta kai ɗalibai irinsu Crescent da Bells da Igbinedion ta biya musu. Amma mu wa zai biya mana? Na je wurin masu kwamfuta na canza makaranta a shafin JAMB, ban ma gaya wa kowa ba sai da takarda ta fito.

Ina iya tuna yadda Baba ya karanta ta. Bayan la'asar ne, a zaure, ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa layi-layi kamar yana duba jarrabawar ɗalibi. Kuɗin karatu naira 900,000 a shekara, an yafe kashi 50 cikin 100. Ya juya ambulan ya rubuta 450,000, ya ja layi biyu a ƙasa. Ya ce, "Da wuya, amma za a iya." Garatutinsa da ya daɗe yana jira ya fito ba da jimawa ba, kuɗin da ya yi niyyar sake rufin ɗakunan gida da shi. Inna ta leƙo ta ce ruwan sama bai taɓa kashe kowa ba, a sa roba.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sai da na shiga shafin makaranta don biya na ga sauran. Kuɗin karɓar gurbi 50,000, wanda ba a mayarwa. Ɗakin kwana 250,000, kuma dole ne ga 'yan aji ɗaya, ba zancen kama haya a gari. Sai wasu ƙanana da aka jera kamar kayan miya: asibiti, ɗakin karatu, intanet, wasanni, katin shaida, kuɗin raya makaranta, duka 130,000. Rangwamen bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, kan kuɗin karatu kaɗai ya tsaya. Jimilla 880,000. Kusan ninkin abin da ke bayan ambulan, kuma ba a yi zancen abinci da kuɗin mota ba.

Ba zan ce an yi mana ƙarya ba. An rubuta, da ƙananan baƙaƙe a shafi na biyu. Mu ne muka ga "rabi" muka daina karatu. Na je na samu Baba na ce, "Baba, ku bar shi kawai, zan jira ta gwamnati." Ya dube ni ya ce, "An riga an faɗa wa Goggonki." Wannan ce kaɗai amsarsa. Garatuti ya tafi gaba ɗaya, Yaya da ke ɗinki a Kaduna ya cika sauran.

Rayuwar makarantar kanta wani karatu ne. Mu huɗu ne a ɗaki. Ɗaya direba ke kawo ta, ɗaya tana da waya biyu. An hana girki a ɗaki, har tukunyar lantarki ƙwacewa ake yi, sai dai a saya a wurin cin abinci. Na yi lissafi a mako na farko na gane idan na ci sau uku a can, kuɗin watan ba zai kai kwana goma sha biyu ba. Sai na koma sau ɗaya, da rana. Safe da dare garin kwaki ne da ƙuli-ƙulin Inna da ɗan suga, ko shayi da biskit. Da farko ina jira sai sun fita nake jiƙawa. Wata rana mai waya biyun ta dawo ta same ni da kofi a hannu, ta ce, "Don Allah san min, rabona da wannan tun ina gidan kakata." Ta zauna bakin gadona muka shanye. Daga ranar na daina ɓoyewa, daga baya ma ƙuli-ƙulin ya zama sana'a. Duk dawowa hutu sai na taho da buhu guda da galan na man gyaɗa, in ɗaɗɗaure a leda, in haɗa da yaji. Ina kuma zana lalle duk ranar Alhamis da daddare. Abin da ya ciyar da ni ke nan, kuma shi ma yana cikin littafi, a shafukan baya.

A watan Fabrairun 2022 ASUU ta sake tafiya yajin aiki, ba ta dawo ba sai Oktoba. Wata takwas. Ƙawayena da suka samu ta gwamnati suna gida, ni ina aji. Baba ya kira ni ya ce ko ba komai wannan ya biya kuɗinsa. A wannan shekarar ce kawai na ji muna gaba da wani.

Makarantar tana barin a biya kashi biyu: kashi 60 kafin rajista, sauran kafin zango na biyu. Kason biyu na shekara ta biyu ya faɗo daidai lokacin canjin kuɗi, farkon 2023, da aka sauya takardun 200 da 500 da 1,000. Inna ta yi shekara tana zubin adashe, ta roƙi uwar adashe aka matso mata da kwasarta don ta dace da ranar biya. Aka kawo mata kuɗi a ƙulle a ɗankwali, tsofaffin takardu zalla, saura kwana kaɗan wa'adi ya cika. Ita ba ta da asusun banki. Baba, da ciwon gwiwarsa, ya yi kwana uku yana zuwa bakin banki tun kafin rana ta fito, kafin ya samu ya zuba su a nasa asusun. Da ya tura, kuɗin ya fita daga wurinsa bai shiga wurin makaranta ba, ya maƙale a hanya har kwana tara. Aka ci ni tarar jinkiri 20,000. Na kai takardar shaidar tura kuɗi, aka ce abin da kwamfuta ta nuna shi ne.

A wannan zangon ne taifod ta kwantar da ni mako biyu, na rasa gwaji biyu. A nan na san ɗaya sharaɗin da ke shafi na biyu. Rangwamen ba kyauta ba ce ta shekara huɗu, duk ƙarshen shekara ake dubawa, kuma sai makin jimilla, CGPA, bai yi ƙasa da 3.50 ba cikin 5.00. Sakamako ya fito, ina da 3.46. Na daɗe ina kallon lambar nan. Ɗigo huɗu ne tsakanina da naira 450,000.

Ban gaya wa gida ba. Na yi kwana biyu ba na iya cin ko garin. A rana ta uku na je wurin malamin da ke kula da ajinmu, wani dattijo da ke zuwa koyarwa daga wata jami'ar gwamnati, kamar da yawa daga cikin malamanmu. Ban gama magana ba hawaye ya zo. Ya bari na gama, sannan ya buɗe durowa ya ciro kundin dokokin ɗalibai, wanda aka raba mana a aji ɗaya ba wanda ya karanta. Ya nuna min sakin layi guda: wanda rashin lafiya ta shafi karatunsa yana iya ɗaukaka ƙara cikin mako biyu, in yana da shaidar asibitin makaranta. Ya ce, "'Yata, kuka ba ya shiga fayil. Je ki karɓo katinki na asibiti, ki rubuta takarda, ki kawo in sa hannu." Saura kwana huɗu wa'adin ya wuce. Kwamiti ya zauna, aka ba ni zango ɗaya na gwaji. Na san wasu biyu a ajinmu da suka rasa nasu a shekarar, ɗaya ma ta bar makarantar, kuma ba na jin an taɓa nuna musu wannan sakin layin. Har yau abin yana damuna. Me zai hana a kira ɗalibi a gaya masa?

Na dawo da makina. Amma ana wata ga wata.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, bayan makonni kaɗan aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kuɗin motar da nake biya zuwa makaranta ya fi ninki. Muna hutu saƙo ya shigo: saboda tsadar man janareta da sauran kayayyaki, kuɗin karatu ya koma 1,300,000, ɗaki 380,000, ƙananan 170,000. Na yi saurin raba miliyan ɗaya da dubu ɗari uku biyu, na samu 650,000, na ce to Allah ya rufa asiri. Da na buɗe shafina sai na ga 850,000. Na kira ofishin kuɗi na ce an yi kuskure. Aka ce babu kuskure, rangwamena rabin kuɗin shekarar da na shiga ne, wato 450,000, kuma a nan zai tsaya ko kuɗin ya kai nawa. Rabi ya koma kusan sulusi, ba tare da an canza masa suna ba. Abin da za mu biya a shekara ta uku ya zama 1,400,000.

A daren aka yi zama a tsakar gida, har da Kawu. Na ce zan nemi canji zuwa ta gwamnati ko da za a mayar da ni baya. Kawu ya ce shi ma haka ya gani, gaba kura baya sayaki, gara a tsaya inda ƙarfi ya kai. Inna, wadda ba ta cika sa baki a gaban Kawu ba, ta ce, "An ci rabin tafiya sannan a juya? Wanda aka zuba fa?" Baba bai ce uffan ba har aka watse.

Gonaki biyu gare shi. Ta gado, can wajen Faskari, an yi shekaru ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga, ko kyauta ba mai karɓa. Sai ƙaramar da ke kusa da gari, wadda daga ita muke samun masarar da muke ci shekara. Ita ya jinginar wa wani ɗan kasuwar hatsi a kan 900,000, Kawu da mai unguwa suka yi shaida. Ƙa'idar jingina kowa ya sani: mai kuɗi zai yi ta noma gonar har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. A shekarar kuma masara ta yi tashin gwauron zabi. Gidan da bai taɓa sayen hatsi ba ya koma awo da tiya. Na rubuta 900,000 a littafi, na rasa a wane gefe zan sa ta, don a aji an koya mana bashi daban, jari daban, ita kuwa wannan ta yi kama da duka biyun.

Duk da haka, da jarrabawar zangon farko ta zo, saura 85,000 ban cika ba. Ba a ba da katin shiga jarrabawa sai ofishin kuɗi ya wanke mutum. Na tsaya a layin tagar nan mai ƙarfe, rana tana dukan ƙeya, kowa da takarda a hannu yana kauce wa idon na kusa da shi. A layin nan na gane ba ni kaɗai ba ce. Akwai ɗan tela, akwai 'yar wata nas da mijinta ya rasu, akwai wanda ƙungiyar garinsu ke tara masa. Da na isa, ma'aikacin ya duba ya ce, "Malama, ba ni na hana ki ba. In ba a cika ba, ba zai buɗe ba." Na ce gobe da ƙarfe tara nake da takarda ta farko. Ya ɗaga kafaɗa, ya kira na baya.

Mai waya biyun ce ta same ni a bayan ɗakin karatu. Ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi lambar biyan, ta danna wayarta, ta ce in je in karɓi katina. Na ce bashi ne, ta ce to. Na biya ta cikin wata biyar, wani da kuɗi, wani da koya mata lissafin haraji da ya kusa kayar da ita. Ina faɗin wannan ne don mu ma muna da namu son zuciyar, mukan yi wa 'ya'yan masu kuɗi kuɗin goro.

A watan Mayun 2024 aka buɗe shafin NELFUND, asusun bai wa ɗalibai rance na gwamnatin tarayya. Ba ruwa a kai, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, a ba shi 20,000 duk wata na kashewa, ba zai fara biya ba sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Na karanta har zuciyata ta buga. Sannan na kai inda aka ce na ɗaliban makarantun gwamnati ne kaɗai. Haka ma TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, kuɗinta ba ya zuwa jami'o'in kuɗi. Na fahimci dalilin, dukiyar jama'a ce kuma makarantun jama'a sun fi buƙata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zaton cewa duk wanda ke jami'ar kuɗi ɗan gata ne. Tun da aka ba ukun farko lasisi a 1999, jami'o'in nan sun haura 140, kuma ba 'ya'yan ministoci ne suka cika su duka ba. Da yawanmu rashin gurbi da tsoron yajin aiki ne suka kora mu can. Rance ne fa, ba kyauta ba. Da an ba ni, da gonar Baba tana hannunsa.

Shekarar ƙarshe ta wuce da gudu. Na samu aikin jera littattafai a ɗakin karatu, awa goma a mako, ana rage min wani abu daga kuɗin ɗaki. Inna ta sayar da sarƙarta ta gwal, ta aure, ban sani ba sai da na ga wuyanta a hoton sallah. Yaya ya ɗage nasa auren. Sai kuɗin aikin bincike, na ɗaure shi, na rigar yaye, na karɓar shaida, wani 120,000. Na fita da digiri mai daraja ta biyu, babba.

Da na haɗa shafukan, abin da aka nema daga gidanmu a shekara huɗu ya kama 4,630,000, ban da tarar nan, ban da ci da sha da mota. Abin da makaranta ta yafe 1,800,000. Ba na raina shi, in ba don shi ba ko ƙofar ba zan gani ba, kuma na yi karatu mai kyau, ajinmu bai kai mutum arba'in ba, malami ya san sunan kowa. Amma a wurin bikin yaye an kira mu, mu masu rangwame, mun miƙe an tafa wa makaranta. Inna tana can baya a cikin rumfa da mayafinta na aro, ita ma tana tafi.

Kwanan baya wani maƙwabcinmu ya zo da takarda irin tawa, 'yarsa ta samu rangwame a wata jami'ar. Baba ya turo shi wurina. Na ce ya fara daga shafi na biyu. Ya tambaye su ko rangwamen zai bi kuɗin in an ƙara, ko a tsaye yake. Ya nemi jimillar komai a rubuce, har ɗaki da ƙananan, ya ninka sau huɗu, ya ɗora wani abu a kai don ƙari, sannan ya tambayi makin da ake ƙwacewa a kai. Ya yi shiru, ya ce ashe abin da yawa. Ban ce masa kada ya kai ta ba, ban kuma ce ya kai ta ba.

Yanzu ina hidimar ƙasa, alawus ɗinmu 77,000 ne tun da aka ƙara daga 33,000. Duk wata ina tura wa Baba 30,000, Yaya yana ɗora abin da ya samu, ana tarawa don fansar gona. Baba ya buɗe nasa littafin, shi ma mai jan bango. Ɗakin Inna har yanzu da roba biyu a ƙasa in hadari ya haɗo. Jiya da muka yi waya ya ce min ya bi ta wajen gonar a kan hanyarsa ta zuwa ta'aziyya, mutumin waken suya ya shuka bana, kuma bai yi mata taki yadda ya kamata ba. Ya ce, "Saura 610,000, Uwata. Duba naki ki gani ko mun yi daidai."